Adashen Zafi

Bayan filin jirgi na Tawa,
inda kwalta ta ƙare, ƙaya ta soma,
akwai farin akwati bisa ƙafa huɗu,
jikinsa tsage-tsage don iska ta ratsa.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe shi.
Ba kuɗi ciki, ba takardar gado,
sai siririyar kwalba mai zaren zaiba.

Mushe Alkasum, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini.
Ya ce, "Nomau, ba rana ake aunawa ba,
ko jaki ya san rana.
Inuwa ake aunawa.
Kada ka huci kusa, kada ka sa yatsa.
Daidaita idonka da kan zaiba,
ka rubuta abin da ka gani,
ba abin da fatarka ta gaya maka ba."

Na rubuta.
Da asuba, da azahar, da tsakar dare da cocila a baki.
Ranar sunan ɗana ma na rubuta,
rago na jiran wuƙa, ni ina jiran zaiba ta tsaya.
Kaye bisa kaye, har gara ta ɗanɗana na ƙasa.

Lambar takan tafi Yamai, daga Yamai ta wuce.
An ce akwai irina bisa jirgin ruwa,
akwai irina a ƙasar da ƙanƙara ce daɓe,
ga na'urori na lilo a teku,
ga wasu a sama suna leƙo mu.
Adashe ne: kowa ya zuba tasa.
Da aka zo kwasa, aka raba daidai,
sai ga duniya ta hau da digiri ɗaya da ɗoriya
bisa yadda kakannin kakanninmu suka bar ta.

Na kai wa yayata Kulluwa labari, tana tsintar albasa.
Ta yi dariya har da riƙe ciki.
"Ɗaya da ɗoriya?
A kan wannan ka ƙarar da idonka?
Ni randata ta riga ka sani.
Ruwa na kwana cikinta, ya tashi kamar na wankan jego.
Man shanun da aka aiko mini daga Abalak
a kwalba ya iso yana kaɗawa.
Albasa na ruɓewa a rudu tun kuɗinta bai tashi ba.
Ɗaya, in ji ka!"

Ban yi gardama ba.
Ban gaya mata ba rana ke ba ni tsoro ba.
Arba'in da huɗu a bazara, mun san juna.
Dare ne.
A tsofaffin kaye zaiba takan sauko ta huta kafin kiran salla.
Yanzu sai ta sauko taki biyu ta tsaya,
kamar baƙon da ya yi sallama ya ƙi sa takalmi.

Ran nan jikarta Tsahara ta kwana tana rawar ɗari.
Muka kai ta likita bisa kabu-kabu.
Malamar ta sa mata 'yar kwalba a hammata,
ta ɗaga, ta daidaita ido, yadda Alkasum ya ce.
"Talatin da takwas da rabi."
Kulluwa ta ce, "In tana lafiya fa, nawa ne?"
"Talatin da bakwai."

Na ga yayata ta tanƙwara yatsa ɗaya.
Na biyun ta kai shi rabi, ta bar shi nan.
Ba ta dube ni ba.
Ta jiƙa gefen zanenta ta shafa wa yarinya goshi.

An ce baɗi za a kafa inji mai cin hasken rana,
ya auna, ya aika, ba cocila, ba Nomau.
To, madalla.
Kafin nan, gobe da asuba akwai zubi.
Kulluwa ta ce in na dawo in biyo ta gidanta,
in gaya mata nawa dare ya tsaya.